Zaɓen darussa a babbar sakandare: tambayoyi da amsoshi ga ɗalibai da iyaye

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban da suka gama JSS3 da iyayensu ke yawan yi wa malamai a Nijeriya, musamman a makonnin farko na shiga SS1. Amsoshin sun dogara ne kan yadda hukumomin WAEC, NECO da JAMB ke aiki, domin su ne ke tantance ko darussan da yaro ya zaɓa za su kai shi inda yake so.

Yaushe ake yin zaɓen, kuma mene ne ainihin abin da ake zaɓa?

A farkon SS1, bayan jarrabawar BECE ta ƙarshen ƙaramar sakandare. A nan ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya, ajin adabi da zamantakewa wanda yara ke kira "at", da ajin kasuwanci wato komashal. Wasu makarantu suna da ɓangaren fasaha ma. Akwai makarantun da ke barin kowa ya ɗanɗana darussa da yawa a zangon farko kafin a raba, akwai masu rabawa tun ranar da aka dawo hutu.

Sunan ajin ba shi ne abin dubawa ba. Abin da yaro ke zaɓa shi ne darussa takwas ko tara da zai zauna jarrabawarsu a SS3, kuma daga cikinsu ne zai ɗebi huɗun da zai rubuta a JAMB. Jami'a ba ta tambayar wane aji ka yi; takardar sakamakonka take dubawa, darasi bayan darasi.

Waɗanne darussa ne dole?

Turanci da Lissafi, ga kowa da kowa, sai darasin sana'a guda. A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta sake fasalin manhaja, ta rage yawan darussa, ta mayar da darussan sana'a guda shida: haɗa sola da gyaranta, ɗinki da zayyanar tufafi, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar salula, da noman lambu da amfanin gona. Ta kuma shigo da darasin zama ɗan ƙasa da tarihin al'umma, da na fasahar zamani. Tun da ana cikin sauyi ne daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa, uba ya je wurin jami'in jarrabawa na makarantar ya nemi a rubuta masa jerin darussan da za a yi wa ajin ɗansa rajista da su. Kada a dogara da abin da yayansa ya rubuta shekara uku da suka wuce.

Malam, ban san abin da nake so in zama ba. Ta ina zan fara?

Ka fara daga ƙarshe, ka dawo baya. Ka rubuta kwasa-kwasai uku da ranka ke so, ko da ba ka tsayar da ɗaya ba. Sai ka buɗe kundin JAMB, wanda ke shafin hukumar a intanet kyauta, ka nemo kowane kwas. Za ka ga abu biyu a gabansa: darussan da ake so ka samu kiredit a kansu a WAEC ko NECO, da darussan da za ka rubuta a jarrabawar UTME, wato jarrabawar shiga manyan makarantu da JAMB ke shiryawa. Akwai kuma gefen da ke ɗauke da sharuɗɗa na musamman na kowace jami'a, kuma nan ne yara suka fi tsallakewa. Kwas ɗaya ne, amma abin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke karɓa zai iya bambanta da na Jami'ar Bayero ta Kano ko ta Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato.

Idan ka jera buƙatun kwasa-kwasan nan uku a takarda ɗaya, darussan da suka maimaitu su ne ginshiƙinka. Ragowar guraben sai ka cika su da abin da zai bar maka wata ƙofa a buɗe. Aikin awa ɗaya ne a shagon kwamfuta ko a wayar wani babba a gida, amma yaran da ke yin sa a SS1 ba su da yawa. Mafi yawa sai a SS3, suna kan layin rajistar JAMB, suke jin labarin kundin.

To wane kwas ne ke buƙatar wane darasi?

Ƙa'idar gaba ɗaya ita ce kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin. Kiredit yana farawa daga C6 zuwa A1. D7 da E8 an ci, amma ba kiredit ba ne, F9 kuwa faɗuwa ce. A UTME darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole, tambayoyi 180 cikin awa biyu a kan kwamfuta: 60 na Turanci, 40 na kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki 400.

Likitanci, likitan haƙori, harhaɗa magunguna, aikin jinya, gwajin jini da fitsari, ɗaukar hoton ƙashi da gashin ƙashi duk hanya ɗaya suke bi: kiredit a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, sannan a UTME a rubuta Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. A lura, ba a rubuta Lissafi a UTME ɗin likitanci, amma ba a shiga ba tare da kiredit ɗinsa ba.

Injiniyanci kowane iri, na gini ko lantarki ko inji ko sinadarai, Lissafi, Fiziks da Kemistiri yake so. Kimiyyar kwamfuta tana son Lissafi da Fiziks, na ukun kuma a zaɓa daga irin su Kemistiri ko Bayoloji. Yara da yawa suna zaton iya danna kwamfuta ne ke kai mutum wannan kwas, alhali lissafi ne cike da shi. Zanen gine-gine ma Lissafi da Fiziks ne tushensa. Aikin gona yana son Kemistiri, da Bayoloji ko darasin Noma, da Fiziks ko Lissafi.

Akanta, gudanar da kasuwanci, aikin banki da nazarin tattalin arziki suna tsaye ne a kan Lissafi da Ikonomiks, a ƙara da ɗaya daga irin su Komas, Gwamnati ko Labarin Ƙasa gwargwadon kwas ɗin. Aikin lauya yana son Adabin Turanci a mafi yawan jami'o'i, tare da Gwamnati ko Tarihi ko darasin Addini, kuma inda ake koyar da Shari'ar Musulunci akan nemi Larabci ko Addinin Musulunci. Aikin jarida ma jami'o'i da yawa suna neman Adabin Turanci. Kimiyyar siyasa tana son Gwamnati ko Tarihi. Mai son digirin Hausa, Larabci ko Faransanci, dole harshen ya kasance cikin darussansa.

Malam, ni dai likita nake so yaron nan ya zama. Yaya zan gane ko zai iya ajin kimiyya?

Alhaji, a ɗauko katin sakamakonsa na JSS1 zuwa JSS3, a duba Lissafi da Kimiyyar Farko, zango bayan zango. Kada a dubi matsayinsa a aji, domin na uku a ajin da kowa ke cin arba'in ba shi ne na uku a ajin da ake cin saba'in ba. Makin kansa za a duba. Sannan a zaunar da shi a ba shi lissafi kaɗan: ya haɗa kashi biyu cikin uku da kashi ɗaya cikin huɗu, ya nemo x a lissafi mai sauƙi, ya mayar da santimita zuwa mita, ya karanta tambayar da aka rubuta da jimloli ya fitar da abin da ake nema. Fiziks na SS1 yana buɗewa da awo da motsi, Kemistiri kuma ba a nisa ake shiga lissafin mol da daidaita ma'aunin sinadarai. Yaron da ƙananan lissafin nan ke ba wa wahala zai fara ɓacewa tun zango na biyu, kuma yawanci ba ya faɗa wa kowa. Zai riƙa kwafar rubutun allo tsaf-tsaf, littafinsa gwanin sha'awa, ba ya gane komai a ciki.

Raunin ba ya nufin an rufe masa ƙofa. Idan yana so da gaske, a nema masa malamin Lissafi tun hutun da ke tsakanin JSS3 da SS1, a gwada shi zango ɗaya. Abin da muke roƙon iyaye su guje masa shi ne zuwa ofishin shugaban makaranta a matsa sai an saka yaro a kimiyya bayan malamansa sun ce ba nan ya dace ba. Ƙarshen irin wannan, sau da yawa, shi ne D7 a Fiziks, E8 a Kemistiri, ga shi bai yi Adabi ko Gwamnati ba balle ya juya wani ɓangaren. Shekara uku sun tafi, babu kiredit biyar da suka haɗu a kan kwas ko ɗaya. Kuma gurbin likitanci kaɗan ne a kowace jami'a, masu nema dubbai. Wanda ya ci da ƙyar ba ya samu. A zauna da yaron a ji ta bakinsa, ba a gaban baƙi ba, ba kuma cikin faɗa ba.

Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Zan iya yin kimiyya a haka?

Wannan tambaya ce mai nauyi, domin Fiziks, Kemistiri da Bayoloji kowanne yana da takardar faraktikal mai makinta. A Kemistiri za a ba ka burat da fifet, wato bututun gilashi na awon ruwa, ka ɗebi ruwan sinadari mililita 25 ko 20, ka ɗiga masa ruwan alama mai sauya launi, ka riƙa sakin asid ɗigo-ɗigo har launin ya juya daga rawaya zuwa ruwan lemo, ka karanta awon a daidai idonka, ka maimaita har awo biyu su yi kusa da juna. Wanda bai taɓa riƙe famfon burat ba, ranar jarrabawa hannunsa zai saki ruwan ya zarce, launin ya koma ja, lissafin da ke biye duk ya karkace. A Fiziks za ka auna, ka cika tebur, ka zana giraf ka fitar da gangarensa. A Bayoloji za a ajiye maka samfur, ƙashi ko ganye ko ƙwaro, ka zana ka sa wa sassansa suna.

Saboda haka kafin a zaɓi kimiyya, uba ya shiga makarantar ya ga ɗakin da idonsa, ya tambayi sau nawa 'yan SS2 suka shiga a zangon da ya wuce, ya tambaya ko akwai malamin Fiziks na dindindin ko ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi bayan shekara. Idan babu, akwai hanya biyu: a nemi makarantar da ke da kayan tun a SS1, ko a shirya zuwa wata makaranta yin faraktikal a ƙarshen mako. Jihohi da dama suna da makarantun kimiyya na musamman da ake shiga ta jarrabawa bayan JSS3. A Kano, na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa sun fara tun 1977, kuma akwai na 'yan mata. A riƙa bibiyar lokacin sayar da fom ɗinsu tun yaro yana JSS3.

Gaskiya ne ajin adabi na marasa ƙoƙari ne?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan magana ta cutar da yara masu yawa. Adabin Turanci kaɗai yana buƙatar karanta littattafan zube, wasannin kwaikwayo da waƙoƙi na Afirka da na waje, har da wasan Shakespeare, sannan a rubuta sharhi a kansu da Turanci mai kyau. Gasar shiga aikin lauya ba ta da nisa da ta likitanci. Alƙalai, 'yan jarida, jakadu, malaman harsuna da manyan jami'an mulki daga nan suke fitowa. Inda matsalar take shi ne makarantun da ke tara duk wanda ya kasa a wannan aji, su kuma bar shi babu malamin Adabi. Ɗalibin da ya gama ajin adabi bai yi Adabin Turanci ba ya rasa lauya da jarida a jami'o'i da yawa, don haka wannan darasi shi ne farkon abin tambaya.

Na tsani Lissafi. Idan na tafi adabi na huta da shi?

A'a. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa kiredit a Lissafi ba sharaɗi ba ne ga masu neman kwasa-kwasan adabi zalla, amma yana nan daram ga kimiyya, fasaha da kwasa-kwasan zamantakewa, kuma kowane ɗalibi sai ya zauna jarrabawarsa. Wanda ya watsar da shi ya rufe wa kansa tattalin arziki, akanta da makamantansu, kuma wuraren ɗaukar aiki da yawa suna neman kiredit ɗin. Ka nemi C6 ko ta halin ƙaƙa. Tambayoyin shekarun baya da malami mai haƙuri suna kai mutum nan.

Guraben da suka rage bayan darussan dole, me zan saka a ciki?

Nan ne dabara take. Ɗalibin kimiyya ya riƙe Fiziks, Kemistiri da Bayoloji duka ukun. Kada ya ajiye Bayoloji don yana son injiniya, ko ya ajiye Fiziks don yana son jinya, domin ra'ayin ɗan shekara 15 yana sauyawa. Darasin Noma yana maye gurbin Bayoloji a kwasa-kwasan aikin gona, amma ba ya maye shi a fannin lafiya. Idan jadawalin makaranta ya ba da dama, ya ƙara Ikonomiks: da shi da Lissafi, ko kimiyyar ta ƙi, yana da hanyar akanta da tattalin arziki. Labarin Ƙasa yana taimakon mai son tsara birane ko safiyo. Darasin Lissafi mai zurfi, wato Further Maths, ba ya cikin darussan UTME, kuma ba a cika sharɗanta shi ba, amma mai shirin injiniya ko kimiyyar kwamfuta zai ji daɗinsa a shekarar farko ta jami'a, inda ake shiga kalkulas kai tsaye.

Ɗalibin kasuwanci ya tabbata yana da Ikonomiks, Akanta da Komas, ya ƙara Gwamnati. Ɗalibin adabi ya haɗa Adabin Turanci, Gwamnati ko Tarihi, Addini, harshe guda, ya ƙara Ikonomiks in da hali. Hausa darasi ne mai kyau, amma kada a ɗauka iya magana ya isa: akwai nahawu, ƙa'idojin rubutu, fassara, al'adu da littattafan da aka ware. Yara masu jin Hausa tun daga nono suna faɗuwa a kansa saboda raini.

Darasin sana'a yana shiga cikin kiredit biyar?

A mafi yawan kwasa-kwasan jami'a ba ya shiga, don haka kada a lissafa da shi. Amfaninsa a hannu yake. A zaɓi wanda makaranta ke da kayan aikinsa da malaminsa, ko wanda akwai mai yin sa a unguwa da yaro zai riƙa zuwa wurinsa da hutu. Wanda zuciyarsa ke kan aikin hannu gaba ɗaya ya duba kwalejin fasaha, inda ake rubuta jarrabawar NABTEB, wadda ake shiga kwalejin kimiyya da fasaha da ita, har ma da jami'a a kwasa-kwasan da suka dace.

Na fara, na ga ba zan iya ba. Zan iya sauya aji?

Ya danganta da lokaci da kuma inda za ka nufa. Daga kimiyya zuwa adabi ko kasuwanci, a cikin SS1 ko farkon SS2, abu ne mai yiwuwa, sai dai ka zage ka karanta abin da ya wuce ka, musamman littattafan Adabi da tushen Akanta. Daga adabi zuwa kimiyya kuwa, bayan zangon farko ko na biyu na SS1 abin yana da matuƙar wuya, domin darussan kimiyya gini ne, kowane bulo a kan na ƙasansa yake zaune. A SS3 sauyi ya ƙure. Makarantu suna tura wa hukumar jarrabawa makin gwajin aji na shekarun uku a kan kowane darasi, kuma darasin da ba ka da makinsa na SS1 da SS2 zai kawo cikas wajen rajista. A Kano ma jarrabawar kwalifayin, wadda gwamnati ke dubawa wajen biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawar ƙarshe, a SS2 ake yin ta, kan darussan da ɗalibi ke ɗauke da su.

Saboda wannan bambanci ne malamai ke cewa wanda yake da ƙarfin Lissafi kuma bai yanke shawara ba ya fara da kimiyya. Shawarar ta mai ƙarfin Lissafi ce kawai.

Malama, 'yata ungozoma take so ta zama, ba sai ta je jami'a ba. Ita ma sai ta yi kimiyya?

Ƙwarai kuwa, Hajiya. Kwalejojin jinya da ungozoma suna neman kiredit biyar ɗin nan na Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu. Makarantun koyon aikin lafiya na matakin farko ma darussan kimiyya suke nema. Fiziks ne ya fi tare 'yan mata a wannan hanya, sau da yawa don an ce musu ba a buƙatarsa a jinya. Ana buƙatarsa. Asibitocinmu na karkara suna ƙishirwar ma'aikata mata, kuma abin takaici ne yarinya mai niyya ta tsaya saboda darasi ɗaya da aka bari tun SS1.

Ɗana a makarantar Larabci da Islamiyya yake. Ina matsayinsa?

Irin waɗannan makarantu suna rubuta jarrabawar hukumar NBAIS, kuma ana shiga manyan makarantu da sakamakonta. Mai son Shari'a, Larabci ko nazarin Addinin Musulunci yana kan hanya, amma ya kula da Turanci, domin kiredit ɗinsa dole ne kuma UTME ba ta yafe shi. Idan yana hangen lafiya ko injiniya, a bincika ko makarantar tana da ɓangaren kimiyya mai malamai da kayan gwaji, a kuma duba kundin JAMB a ga jami'ar da ake so tana karɓar sakamakon a wannan kwas.

Idan sakamako ya fito, darasi ɗaya ya ƙi fa?

Yawancin kwasa-kwasai suna yarda a haɗa sakamako biyu, kamar WAEC da NECO, ko na makaranta da na masu zaman kansu da ake rubutawa daga baya. Shi ya sa rubuta jarrabawa biyun a SS3 yake da amfani ga mai hali. Amma jami'o'i da yawa ba sa karɓar zama biyu a likitanci, wasu har da harhaɗa magunguna da lauya. Kuma gyara yana yiwuwa ne ga darasin da aka karanta aka faɗi. Wanda bai taɓa zama ajin Kemistiri ba, sayen fom ɗin jarrabawar waje ba zai koya masa shi cikin wata uku ba. Shirye-shiryen share fage irin su IJMB ma suna gina darussansu ne a kan kiredit ɗin da ɗalibi ya zo da su.

Waɗanne kurakurai ne ke faruwa ranar rajista?

Mafi muni shi ne barin mai shagon kwamfuta ya zaɓa wa yaro darussan UTME. Yaro ya nemi injiniya, a saka masa Bayoloji a madadin Lissafi, ya ci maki mai yawa, tsarin CAPS, wanda JAMB ke ba da gurbin karatu ta cikinsa, ya ƙi tura sunansa don haɗin darussan bai dace ba. Ana iya sauya kwas daga baya, amma sai zuwa wanda ya dace da darussan da aka riga aka rubuta. Don haka a je da haɗin a rubuce, a karanta allon kafin a danna, a sake karanta takardar da aka buga kafin a bar shagon.

Haka ma a makaranta: idan aka kawo takardar tantance rajistar WAEC ko NECO, ɗalibi ya ƙirga darussansa ɗaya bayan ɗaya kafin ya sa hannu. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a katin NIN, rajistar makaranta da ta JAMB, har da jerin sunayen da yadda aka rubuta su. Muhammad a nan, Mohammed a can, yana iya tsayar da ɗalibi ranar tantancewa. A yi wa yaro NIN tun yana SS1 ko SS2 don a sami lokacin gyara. A kuma tuna shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, saboda haka tsallakar da yaro daga SS2 ya rubuta jarrabawar ƙarshe yakan sa ya rasa kashi ɗaya cikin uku na manhajar, sannan ya zauna a gida yana jiran shekarunsa su cika.